Fim ɗin Aro a Kasuwar Mallawa

Ranar kasuwar Mallawa ce, hantsi ya ɗaga. Halilu na Tudun Kalgo ya sauke buhun wakensa, ya tsaya wajen mai shayi, sai ya ji muryar matarsa. Daga cikin salular wani dillali take fitowa, maza shida sun yi wa salular rumfa suna ƙyaƙyata dariya. Ya leƙa. Uwani ce, zaune a kan tabarmar asibiti da ɗansu a cinya, lokacin da tamowa ta mayar da yaron ƙashi da fata. Tana faɗin yadda rumbunsu ya ƙare tun kafin ruwan fari, da yadda take jiƙa dusa ta ba yara.

"Af, ga ma mai gidan nan," in ji ɗaya daga cikinsu. "Halilu, ashe haka ake kwana a gidanka? Kuma kai ne mai son riƙe mana bankin hatsi?"

Halilu ya kutsa cikinsu. Ya fizge salular ya maka ta da dutsen murhu, ya kuma bi ta da diddige.

Haka aka jawo shi gaban Ajidan Abdulmajid, babban jami'in jandarmomin Dungass, wanda ke sintirin kasuwa ran nan. Ajidan mutum ne mai gajeren haƙuri, kuma abin da ya fi tsana a duniya shi ne ƙato ya yi dariyar yunwar wani. Ya sa aka kawo masa wata salular. Ba a sha wahalar nema ba, kusan kowane aljihu a rumfar akwai hoton. Minti bakwai ne. Ya kalla har ƙarshe, sannan ya kafa ido a kusurwar dama, inda aka rubuta da ƙananan baƙaƙe: CEG Tudun Kalgo, wato lekol ɗin garin su Halilu, makarantar sakandare.

Ya sallami Halilu, ya ce wa dillalin idan yana son kuɗin salularsa ya zo Dungass ya maimaita dariyar a gabansa. Dillalin bai zo ba.

Washegari waya ta shigo daga Damagaram. Wata mace ce, ta ce sunanta Aziza, ita ta yi fim ɗin, kuma ba ta tsaya dogon gaisuwa ba.

"Shef, ƙara na kawo. An sace mini aiki."

"Yaya aka yi ya je lekol?"

"Aro. Ƙungiyarmu tana ba malamai aron fina-finan koyarwa a kan kile, ɗan abin nan da ake soka wa na'ura. Kowane kile da sunan lekol ɗin da ya ara a jikin hoton, don irin wannan ranar. Kuma akwai takarda. A nuna shi a cikin aji, ga ɗaliban ajin, malami yana tsaye. Ba a karɓar ko dala. Ba a kwafa. Ba a kai shi gidan kowa. Mene ne mai wuyar ganewa a nan?"

"Wa ya sa hannu?"

"Madam Rahila, mai koyar da kimiyyar rayuwa. Shef, shekara biyu na yi ina zama da matan nan a asibitin Magaria. Na rantse musu da Allah fuskarsu ba za ta shiga kasuwa ba. Haƙƙin fim ɗin nawa ne a doka, amma mutuncin da ke ciki nasu ne, amana suka ba ni. Na riga na sanar da ansifekta."

Ansifektan makarantu kuwa bai yi wata-wata ba. Madam Rahila 'yar kwantaragi ce, malamar wucin gadi, ba ta da kowa a sama, korarta ta fi korar kaza daga tsakar gida sauƙi. Ya rubuta cewa idan ba a nuna wani mai laifin ba kafin Litinin, kwantaraginta ya ƙare, kuma kalmar sata za ta shiga dosiyenta, wato takardun tarihin aikinta. Da takardar ya haɗa wata wasiƙa daga shugaban kwamitin iyayen yara, Alhaji Abdulwahabu, mai cewa kwamiti bai san da fim ɗin ba, ba a nuna musu ba, ba a shawarce su ba, a ɗauke musu wannan malama. Ranar Alhamis ke nan. Kwana huɗu suka rage mata.

Ajidan ya hau moto ya nufi Tudun Kalgo. Ya tarar da Madam Rahila a aji ita kaɗai, don iyaye sun hana yara shiga darasinta. Siririya ce, ba ta wuce talatin ba, idanunta sun yi ja. A gefen gyalenta akwai shatin laka.

"Wannan fa?"

"Uwani ce ta jefe ni, a bakin rijiya. Ban ga laifinta ba."

"Ke kika kwafi fim ɗin?"

"Wallahi ban kwafa ba."

"Yaushe ya zo hannunki?"

"Asabar. Na nuna shi Litinin da safe, da majigin lekol, a bangon nan."

"Yara nawa?"

"Hamsin da huɗu."

"Ɗayansu ya ɗauka da salula ke nan."

Ta girgiza kai. "Ina tara salulolin a bokiti a bakin ƙofa. Ban da haka ma, Shef, yaran ba su ga wurin nan ba. Da asuba na duba fim ɗin a nan lekol kafin in shiga aji, na ga Uwani a ciki. 'Yar ƙanwarta tana ajina. Da aka zo wurin sai na tsallake shi."

Ajidan ya dube ta. Ko ba ta gane abin da ta faɗa ba ne? Ta wanke yara hamsin da huɗu da bakinta, ta bar kanta ita kaɗai a fili.

"To wa ya ga wurin ban da ke?"

Ta juya ta hau tattara allin da ke kan tebur. Ya canza tambaya.

"Kilen ya taɓa barin hannunki?"

"Yana jakata."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

"Yana jakata, Shef."

Ya fita rai a ɓace. Ya kira yara uku daban daban, kowanne ya ce lalle Madam ta tura fim ɗin gaba a tsakiya, ta ce musu wurin ya lalace. Ya tambayi direktan lekol, Malam Issoufou, mai riƙe da makullin kabad. Shi kuwa tun Juma'ar da ta wuce yake Magaria wajen horon malamai, bai dawo ba sai Laraba, ga takardar tafiya da hatimi. Mutumin sai sharce gumi yake yana cewa shi dai kada a sa sunansa. Sunan malamarsa da ake ja a ƙasa bai dame shi ba. Ajidan ya bar shi da guminsa.

Daga nan ya koma Mallawa, rumfar Munir mai tura fina-finai. Munir magidanci ne mai 'ya'ya uku, sana'arsa zuba wa mutane waƙoƙi da fina-finai a salula, kuma duk abin da ya yaɗu a yankin sai ya bi ta tebur ɗinsa.

"Kai ka sayar da shi," in ji Ajidan, ko zama bai yi ba.

"Shef, na rantse ban karɓi ko dala a kansa ba. Na gan shi a salular mutane, ban zuba wa kowa ba. Ina da mata ni ma."

"Kana sayar da aikin mutane kullum ba da izininsu ba. Yau ne ka yi tsoron Allah?"

Munir ya sunkuyar da kai. "Wannan gaskiya ne. Amma wannan ba aikina ba ne, kuma ba aikin wanda ya iya ba ne. Zauna ka gani."

Ya buɗe hoton a babban allonsa.

"Da daga kile aka kwafa, da ya fito tas. Wannan salula aka riƙe a gaban tele. Dubi yadda gefen yake rawa. Dubi farkon, ga alamar an mayar da shi baya, mutumin ya wuce wurin ne sannan ya dawo ya ɗauka. Ga kuma wannan."

Ya aza yatsa a kan wani siririn layi kore da ya ratsa hoton daga sama har ƙasa, kusa da gefen hagu.

"Ba a fim ɗin yake ba. Ciwon telen ne. Wuta ce ta taɓa bugun ta."

"Ba daga bangon aji ba ke nan."

"Bango ba ya yin layi kore, Shef."

"Ƙara sautin."

Munir ya murɗa. Ƙarƙashin muryar Uwani, wajen minti na uku, kiran salla ya tashi, kusa ƙwarai, kamar lasifikar tana bayan katanga. Muryar tsoho ce, tana karyewa idan ya ja. Ajidan ya sa aka maimaita masa sau huɗu.

Madam Rahila ba ta da tele. Ɗaki guda ne shugaban kwamitin iyaye ya ba ta, ko wuta babu. Wannan ya rage mata nauyi, amma bai wanke ta ba, domin kile ba ya tafiya da ƙafarsa.

Ranar Juma'a da la'asar Ajidan ya koma Tudun Kalgo, ya tsaya a inuwar darbejiya kusa da masallaci ya kasa kunne. Da ladan ya ɗaga murya, ta karye daidai inda ta karye a salula. Bayan an sallame ya tare shi. Malam Umar ne sunansa, tsoho mai farin gemu, shi ne kuma mataimakin shugaban kwamitin iyaye.

"Baba Ladan, barka da Juma'a."

"Barka kadai, ɗana."

Ya kunna masa wurin. Tsohon ya saurara, fuskarsa ta canza.

"Muryata ce."

"Ka taɓa ganin fim ɗin nan?"

Malam Umar ya daɗe yana jan carbi. "An ce in yi shiru don kada sunan kwamiti ya ɓaci. Amma yanzu na fito daga gaban Ubangiji, ba zan yi maka ƙarya ba. Na gan shi. Ranar Lahadi, a falon Alhaji Abdulwahabu. Ga gidan nan, katangarsa ɗaya da masallaci."

"Me ya kai shi can?"

"Ka'idar garinmu ce. Shekarun baya wani malami ya nuna wa yara abin da iyaye ba su so ba, aka kusa rufe lekol. Tun daga nan aka yi yarjejeniya, duk fim ɗin da za a nuna, sai shugaban kwamiti da ni mun fara gani. Ba a rubuce take ba, amma duk malamin da ya tsallake ta, ya san sauran."

"Madam tana wurin?"

Tsohon ya dube shi kamar ya yi tambayar yara. "Mace a falon maza? Ta kawo, ta gaishe mu daga bakin ƙofa, aka ce ta shiga ciki wajen iyali. Suka dama mata fura."

"Kun kalla har ƙarshe tare?"

"A'a. Muna tsakiya, matar Halilu ta fito. Na ce subhanallahi, Alhaji, wannan ai tamu ce. Ya ce haka ne. Lokacin la'asar ya gabato, na tashi na tafi alwala. Ya ce in je, zai ƙarasa saboda amanar yara."

"Ya zo jam'i?"

"Wurinsa bayan liman yake, shekara da shekaru. Ran nan wani ne ya tsaya a wurin."

Ajidan ya yi godiya ya nufi ɗakin Madam Rahila, yana tafiya yana huci. Ya same ta tana ɗaure littattafai a kwali.

"Kin mayar da ni mahaukaci! Kwana biyu ina yawo a rana, ashe kin san inda kilen ya je!"

Ta miƙe. Wannan karon ba ta sunkuyar da kai ba.

"In faɗa in ce me? Takardar da na sa wa hannu ta ce kada a kai shi gidan kowa. Garin ya ce idan ban kai ba, ba yaron da zai shiga ajina. Wanne zan bi, Shef? Ka faɗa mini, tunda kai ne hukuma! Shekara uku ina zana musu hanji da jini da alli. Yaran nan ƙannensu ne ke mutuwa da tamowa, ba su san me ke kawo ta ba. Na samo abin da zai nuna musu da idonsu, na je Damagaram na karɓo da kuɗin motata. Na kai wa dattijo don girmamawa, aka tura ni cikin mata, ina shan fura ana yanka ni a falo. In na faɗa, na karya sharaɗi da bakina. In na yi shiru, ni ce ɓarauniya. Kuma wa zai yarda da 'yar kwantaragi a kan Alhaji? Ɗakin nan ma nasa ne."

Ajidan ya ciro biro da takarda.

"Minti nawa kika yi a ciki?"

"Ya fi awa. Har na yi la'asar tare da matan."

"Wa da wa ke tsakar gidan?"

"Matansa, da 'yan matan gidan. Samarin suna gona wajen sharar bazara."

Ranar Asabar da hantsi ya dawo da jandarma biyu da Munir. Ya aika aka kira Malam Umar da Madam Rahila. Labari ya riga ya zaga, mutane sun cika ƙofar gidan Alhaji Abdulwahabu, har da Halilu da Uwani a can gefe. Alhajin ya fito cikin babbar riga yana murmushi, ya ciro makullin falo daga aljihunsa ya buɗe da kansa. Falon da kafet, da kujeru, da tele babba a lulluɓe da zane.

"Shef, lale. Ai mun ji daɗi da hukuma ta shigo. Yarinyar nan ta zubar mana da mutuncin gari."

"Alhaji, ka rubuta wa ansifekta cewa ba a nuna muku fim ɗin ba."

"Haka ne."

"Bai taɓa shiga gidan nan ba?"

"Ko da wasa."

"Wa ke shiga falon nan in ba ka nan?"

"Ba kowa. Ka ga makullin a jikina yake kwana."

"Madalla. Kunna mana tele."

Murmushin ya ɗan rage. Ya ce batir ya yi sanyi. Munir ya duba ya ce batir cike yake, rana ta bugi fanon sola tun safe. Aka yaye zanen, aka kunna. Allon ya yi haske, ga layin kore nan daga sama har ƙasa, kusa da gefen hagu. Ajidan ya ɗaga salularsa kusa da shi ya kunna hoton kasuwa. Layi ya hau kan layi.



"To, na tuna," in ji Alhaji. "Ta kawo shi, mun duba ni da Malam Umar. Mantuwa ce, girma ya zo. Amma ba ni kaɗai ba ne a ɗakin."

Kai, wannan mutum! A gaban tsohon da suka yi shekara talatin suna sahu ɗaya yake neman jefa shi rami. Malam Umar ya buɗe baki, Ajidan ya ɗaga masa hannu, ya ƙara sautin salular. Kiran salla ya cika falon.

"Muryar wa ke nan, Alhaji? Mutum zai riƙe salula a nan, yana kiran salla a masallaci? Madam tana ciki tare da matanka, sun shaida. Samarinka suna gona. Makulli a jikinka yake kwana, kai ka faɗa yanzu. Aka yi kira, aka tada iƙama, kai kana nan kana mayar da fim baya. Ba ni salularka."

Alhajin ya miƙa da sauri, har da fara'a. "Duba. Ba komai a ciki."

Lalle ya goge. Amma bai san cewa abin da aka aika wa wani yana barin kwafi a wani lungun salula ba. Munir bai yi minti biyu ba ya fito da shi. Ranar Lahadi, ƙarfe huɗu da 'yan mintoci aka ɗauka. Ranar Litinin aka aika wa mutum uku, ukun duka masu jefa ƙuri'a ne a zaɓen shugaban bankin hatsi, rumbun da garuruwa biyar ke tara gero a ciki don lokacin yunwa. Zaɓen saura mako biyu. 'Yan takara biyu ne, Alhaji Abdulwahabu da Halilu.

"Ka ga matar abokin takararka da yaro a kwance," in ji Ajidan, "ba ka ga yaron ba, ƙuri'a ka gani. Ka jira tsoho ya fita salla ka ɗauka. Da abin ya fashe, ka ga sunan lekol a jiki, ka san wuyan wa igiyar za ta kama, sai ka riga kowa rubuta wasiƙa a kore ta. In ta tafi, ba mai tambayar inda kile ya kwana."

Alhajin ya gyara zama, ya canza murya, ya koma ta wa'azi.

"Shef, ilimi ne fa. Tun yaushe aka fara ɓoye ilimi? Na ga abu mai amfani, na ce jama'a su ƙaru. Wane ne ya mallaki hoto? Ban ɗauki akuyar kowa ba."

"Fim ɗin minti arba'in ne. Akwai likita a ciki yana koya yadda ake haɗa kunun gyaɗa da wake. Me ya sa jama'a ba su ƙaru da wannan ba? Minti bakwai ka zaɓa. Wadda ta yi fim ɗin ita ke da haƙƙinsa, ita ke cewa a nuna a nan, kada a nuna a can. Aro aka ba lekol, ba kyauta ba, kuma kai ko aron ba a ba ka ba. Za ka bi mu Dungass. Sauran bayanin ka yi wa alƙali."

Nan fa dattawa suka taso. Ba wanda ya taso ranar da aka hana yara shiga ajin Madam, ba wanda ya taso ranar da aka yi dariyar Halilu a kasuwa. Yau kuwa ga su, mutum biyar, da sanduna da rawuna, suna "a yi haƙuri, a yi sulhu."

Ajidan ya fita ya kira Aziza, ya kira ansifekta, ya dawo ya zauna a kan dakalin ƙofar gida ya rubuta bayanin Madam Rahila, ya karanta mata a gaban kowa.

"Ki saurara da kyau. Takardar nan ta ce ke kika kai kile gidan nan da hannunki. In kin sa hannu, mai fim ta janye ƙararta a kanki, ansifekta ya bar miki ajinki, amma gargaɗi zai shiga dosiyenki, kuma lekol ɗin nan ba zai ƙara samun aro ba sai an soke ka'idar kai fim gida. In ba ki sa ba, ba wanda ya shaida yadda kile ya fita daga jakarki, kuma takardar Litinin tana nan."

Babban cikin dattawan ya matso kusa da ita, ya sassauta murya.

"'Yata, ki duba girman Allah. Mutumin nan shi ya ba ki ɗakin da kike kwana. Ki ce ba ki tuna ba. Mu za mu je wajen ansifekta mu roƙa, ko a mayar da ke wani gari. In kika sa hannu, wa zai ba ki wurin kwana a garin nan? Wa zai sayar miki da ruwa? A rufa asiri, 'yata."

Rahila ta dube shi. 

"Baba, asirin wa? Na Uwani wa ya rufa? Kwana shida ana yawo da yunwar ɗanta a aljihu, ban ji kun taru ba. Ni na yi kuskure, na kai amanar mutane inda aka ce kada in kai, don ina tsoronku. Wannan zan ɗauka. Amma ba zan ɗauki satar wani ba."

Ta karɓi biro ta sa hannu, ta rubuta sunanta cikakke a ƙasa.

Aka sa Alhaji a mota. Motar ba ta gama fita gari ba, babban ɗansa ya je ya fito da kwalayen Madam ya jibge su a rana, ya ɗaura wa ƙofar kwaɗo. Ajidan ya zabura zai tafi wurin, ta ce ya bari, ɗakinsu ne. Ta tsaya a kan kayanta. Mutane suka yi cirko-cirko suna kallo, kowa yana jiran wani ya fara magana, kowa kuma yana lissafin geron bashi nawa ya ci daga gidan Alhaji.

Sai ga Uwani ta ratso su, ɗan nata a goye, ya yi ɓul-ɓul yanzu. Ba ta yi sallama ba, ba ta yi murmushi ba. Ta tsaya gaban Rahila tana kallonta sama da ƙasa.

"An ce kin tsallake wurina a aji."

"Na tsallake."

"Amma kin kai ni gidan wancan."

"Na kai. Ki yafe mini."

"Ban yafe ba tukuna."

Ta sunkuya ta ɗauki kwalin da ya fi nauyi ta aza a ka, ta juya wajen mijinta.

"Malam, kawo amalanken. A gidanmu za ta kwana, Litinin tana da aji."